Digiri Ba Madubi Tauye Mudu Ne

Ya ku 'yan'uwa talakawa, manoma da 'yan kasuwa da masu sana'ar hannu, yau maganarmu a kan 'ya'yanku ce, waɗanda suka sami shiga jami'a don karatun ilmin halittu, watau abin da Turawa ke kira bayoloji.

Kowace shekara in an buɗe jami'a, yaro ya kan zo gida da takarda mai jerin darussan da zai yi wa rajista. A cikin jerin nan akwai wani darasi da ba a aji ake yinsa ba, sai a ɗakin gwaje-gwaje, kuma shi ne ya kan zo da ƙarin kuɗi, na farar riga, da na littafin aiki, da na ɗan akwatin almakashi da aska, da na ɗakin kansa. Iyaye da yawa in sun ga haka sai su yi tsaki, su ce ai wata hanyar tatsar talaka ce aka ɓullo da ita. To, ga abin da mu muka gani. Darasin nan shi ne ginshiƙin karatun duka, saboda haka yaro ya yi masa rajista ko da sai an sayar da akuya. Amma kuma kuɗin da aka karɓa da sunan ɗakin, lalle ne a gan shi cikin ɗakin. In ba a gan shi ba, to an tauye wa talaka mudu, kuma bai kamata mu yi shiru ba.

ABIN DA AKE YI A ƊAKIN

Bari mu fara gaya muku abin da ake yi a ciki, gama yawancinmu ba mu taɓa leƙawa ba. Ɗaki ne mai dogayen tebura, da famfon ruwa, da wurin kunna wuta, da kwalabe a jere. Babban kayan aikinsa shi ne madubin likita, wanda ke ƙara wa abu girma sau 40, ko sau 100, ko sau 400, har ma sau 1,000. Ran farko a kan ba yaro albasa, irin wadda ake kasawa a kasuwa, a ce ya ɓare siririyar fatar nan ta ciki, ya shimfiɗa ta bisa ɗan gilashi, ya ɗiga mata aidin, ya sa ƙarƙashin madubi. Da ya daidaita madubin sai ya ga fatar nan ashe ɗakuna ne ƙanana a jere kamar tubalin gini, kowane da ɗigo a cikinsa. Waɗannan su ne ƙwayoyin halitta, waɗanda da su aka gina jikin tsiro da na dabba da na mutum. Wani mako a sa shi ya kankaro cikin kumatunsa ya duba nasa. Wani mako a ɗebo ruwan kududdufi, ya ɗiga ɗigo guda, ya ga ƙananan halittu suna ta kai da kawowa cikin ruwan da ido ke cewa ba kome. A gaba a koya masa gwajin abinci, ya ga yadda aidin ke mai da dankali ko rogo baƙi-baƙi mai shuɗi in akwai sitaci. Sa'an nan a zo ga fiɗa, ya feɗe kwaɗo ko ɓera ko karfasa ko kyankyaso, ya ga inda zuciya take da hanji da sauran kayan ciki, ya zana abin da ya gani da hannunsa.

A takarda darasin nan ƙarami ne. Bisa ga lissafin jami'a, awa uku da yaro zai yi a ɗakin gwaji kowane mako daidai suke da awa ɗaya ta lacca, don haka makinsa ya kan zama kaɗan. Wannan shi ke ruɗin yara, su raina shi. Amma darasi ne na tilas, wanda ya faɗi sai ya maimaita, kuma ba za a ba shi digiri ba sai ya ci. Lacca in ta wuce ka, ka iya aron littafin abokinka ka kwafa. Aikin hannu kuwa ba a aronsa. Gani ya kori ji.

MAI KANTI NE YA FARA

Ku 'yan kasuwa kun fi kowa sanin wannan. Wa ya taɓa ganin tela wanda ya koyi ɗinki a bisa allo bai taɓa taka keke ba? Wa zai ba mahauci sa ya yanka don kawai ya haddace sunayen gaɓoɓi? Ilmin halittu ma sana'a ce ta ido da hannu, kuma in kun bi tarihinsa za ku tarar ɗan'uwanku ne ya buɗe ƙofarsa. A garin Delft na ƙasar Holan an yi wani mai kantin yadi ana ce da shi Leeuwenhoek, wanda bai yi jami'a ba. Masu yadi na zamaninsa su kan yi amfani da gilashin ƙara girma don duba zaren tufa. Shi sai ya shiga goge ƙananan gilasai da hannunsa, har ya yi wanda ke ƙara girma fiye da sau 200. A 1674 ya duba ruwan tafki ya ga ƙananan halittu, kafin shekara ta 1680 ta ƙare manyan masanan Ingila sun shigar da shi ƙungiyarsu. Haka kuma Mendel, wanda ya gano yadda ɗa ke gadon iyaye, ɗan ƙaramin manomi ne, kuma a lambu ya yi aikinsa, yana ta haɗa irin wani wake da Turawa ke ci yana ƙirga 'ya'yan da suka fito, har ya buga sakamakonsa a 1866. Ƙwayar zazzaɓin cizon sauro ma da madubi aka gan ta. Wani likitan sojan Faransa, Laveran, shi ya hango ta cikin jinin majinyaci a Aljeriya a 1880, kana Ross ya gan ta cikin cikin sauro a Indiya a 1897.

Duk cikinsu ba wanda ya tarar da abin a rubuce. Dubawa suka yi. To, yaya za a ce ɗanmu ya zama masanin halittu alhali bai taɓa daidaita madubi da hannunsa ba?

INA RUWAN KASUWA DA KWAƊO?

Wani zai ce, to mun ji, amma ina ruwan mai sayar da wake da fiɗar kwaɗo? Ruwansa kuwa har wuya.

Ku ɗauki waken kansa. Kowane ɗan kasuwar hatsi ya san ɓarnar ƙwaro a buhu, ya kuma san yadda wasu ke zuba fiya-fiya don tsare dukiyarsu. A 2015 ƙasashen Tarayyar Turai suka hana shigar da busasshen wake daga Nijeriya, saboda gwaji ya nuna maganin ƙwarin da ke jikinsa ya wuce kima. Wanda aka hana kai musu, mu muka ci. Alhali kuwa akwai dabarar da ba ta bukatar guba ko kaɗan. Masu binciken ƙwari na Marwa a arewacin Kamaru, tare da na jami'ar Purdue ta Amurka, sun lura cewa ƙwaron wake numfashi yake yi kamar kowane mai rai, in an rufe shi inda iska ba ta shiga sai ya daina ci ya mutu. Daga nan aka samo buhun nan mai leda biyu a ciki, wanda yau ake sayarwa a kasuwanninmu. Wanda ya zauna ya ƙura wa ƙwaro ido a cikin kwalba shi ya tsare wa ɗan kasuwa jarinsa.

Ku ɗauki gyaɗa. Dattawanmu sun ga dalar gyaɗa a Kano da idonsu. Cikin abubuwan da suka durƙusar da noman nan har da kuturtar gyaɗa, wadda a 1975 ta halaka gonaki wajen kadada 700,000 a Arewa. Darɓa ce ke ɗaukar ƙwayar cutar daga tsiro zuwa tsiro. Masu bincike na Samaru ta Zariya da abokan aikinsu suka yi ta haɗa iri shekara da shekaru, har aka fitar da gyaɗar da ke jure mata. Akwai kuma wata gubar da fumfuna ke bari a gyaɗa da masara in ba su bushe da kyau ba. An gano ta bayan talo-talo wajen 100,000 sun mutu a Ingila a 1960 daga cin abincin da aka haɗa da tunkuzar gyaɗa, kuma yau an san tana cikin abubuwan da ke kawo ciwon daji a hanta. Wuta ba ta kashe ta, ido ba ya ganinta, sai gwaji. Ita ce ke sa a mayar wa ɗan kasuwa da kayansa daga bakin teku.

Ku tuna da kurkunu. A 1988 an ƙirga mutum fiye da 650,000 masu fama da shi a Nijeriya, yawancinsu manoma, kuma ya kan kwantar da su ne daidai lokacin aikin gona. An ci ƙarfinsa ba da allura ba, sai da sanin cewa wani ɗan ƙwaron ruwa ne ƙarami ƙwarai ke ɗauke da 'ya'yan tsutsar, in an tace ruwa da ƙyalle mai kyau ba ya wucewa. A 2013 Hukumar Lafiya ta Duniya ta shaida cewa Nijeriya ta rabu da shi. Ɗan ƙwaron nan yana cikin irin abin da yaro ke gani a ɗigon ruwan kududdufi tun shekararsa ta farko.

Ga kuma ciwon sikila da ya addabi gidaje da yawa. Lissafin nan na Mendel shi ke nuna cewa in miji da mata duka suna da jinin AS, kowane ciki da aka samu akwai kashi ɗaya cikin huɗu na yiwuwar a haifi mai ciwon. Gidan da ke da ɗa ko 'ya da ta fahimci wannan, ta kuma iya bayyana wa dangi da Hausa kafin a kai kuɗin aure, ya huta da kuka mai yawa.

INDA AKE TAUYE MUDUN

To, tun da yake abin haka yake, sai mu tambayi mahukunta, wane irin ɗaki suka tanadar wa ɗan talaka? Ba mu za mu ba da amsa ba, kwamitinsu ne ya bayar. A 2012 kwamitin da Gwamnatin Tarayya ta kafa da kanta don duba bukatun jami'o'in gwamnati ya kai rahotonsa. Ya tarar da ɗakunan gwaji sun tsufa, ɗalibai sun yi musu yawa, kayan aiki ko babu ko sun lalace, har akwai inda ake kunna risho maimakon murhun gwaji. A 2013, bayan malaman jami'a sun yi wata biyar da ɗoriya suna yajin aiki, gwamnati ta yi alkawarin naira tiriliyan 1.3 cikin shekara shida don gyara. Aka ba da biliyan 200 na farko, abin da ya biyo baya kuwa ɗiɗɗiga ne. A 2020 aka rufe jami'o'i wata tara, a 2022 wata takwas, kuma kuɗin gyaran nan yana cikin abin da ake rigima a kansa. Alkawarin da ba cikawa, gara a ce babu.

Ba wai ba a tara kuɗi ba ne. Tun 1993 aka kafa asusun harajin ilmi, wanda a 2011 ya koma TETFund, ana karɓar kashi 2 cikin ɗari na ribar kamfanoni, a 2023 ma aka mai da shi kashi 3. Mun ga gine-gine sun tashi da kuɗin nan, ba mu musu. Amma gini ba ya duba albasa. Babban mutum ya fi son abin da zai yanke wa ƙyalle a ɗauke shi hoto, kwalbar aidin kuwa da ɗan gilashi da gyaran famfo ba mai zuwa bikinsu. Shi ya sa za ka ga ɗaki sabo fil, fenti na ƙyalli, a ciki kuwa yara sun yi layi kan madubi guda, kowa ya leƙa kamar mai leƙen rijiya ya wuce. Wanda bai sami leƙawa ba sai ya kwafi zanen littafi ya miƙa, a ba shi maki. Wani lokaci ma a ce ba wuta, ko ba ruwa, malami ya zana abin a allo ya ce a ɗauka an yi.

Wa wannan ke cuta? Mai hali in ya ga haka sai ya kai ɗansa jami'ar kuɗi, ko ya tura shi Ingila ko Masar ko Malesiya. Ɗan mai kayan miya ba shi da inda za shi. Shi ne tun a sakandare bai ga ɗakin gwaji ba sai ana gobe jarrabawa, ya yi ta fama har ya haɗa kiredit biyar, ya ci JAMB, ya zo jami'a yana zaton yau zai ga abin da ya daɗe yana haddacewa, sai ya tarar da wani allon. Bayan shekara huɗu a miƙa masa takarda mai tambari. Ran da ya je neman aiki a ajiye masa madubi a ce bismilla, ya rasa ta inda zai kama, sai a ce 'ya'yan talakawa ba su da ƙoƙari. An ɗaure mutum an ce ya yi tsere. Shi kuma in ya zama malamin sakandare, abin da bai gani ba shi zai koya wa ƙannensa, haka abin zai yi ta zagayawa.

A kasuwa in an kama mutum da mudu mai dukan gindi, sarkin kasuwa ba ya ƙyale shi. Wanda ya karɓi kuɗin ɗakin gwaji bai sa yaro ya yi gwaji ba, da me ya bambanta?

MASU CEWA BA RIBA

Mun san akwai iyayen da ransu ke ɓaci in an ba ɗansu bayoloji, gama likita suka so ya zama, makinsa bai kai ba aka tura shi nan. Wasu kuma na cewa ga masu digirin nan birjik ba aiki. Ba za mu rufe ku ba, aiki ya yi wuya, kuma digirin ilmin halittu kaɗai ba ya ba mutum iznin buɗe ɗakin gwajin jini na asibiti, wannan karatu ne dabam mai lasisinsa. Amma ƙasar da ke noma da kiwo da kamun kifi ba ta rasa bukatar wanda ya san tsiro da ƙwaro da ƙwayar cuta. Akwai cibiyar Samaru, akwai ta lafiyar dabbobi a Vom, akwai ta binciken ciwon barci da sammore a Kaduna, akwai hukumar NAFDAC, ga masu kiwon kaji da kifi, ga kamfanonin iri da na abinci, ga makarantu da ke neman malaman kimiyya ruwa a jallo. A duk wuraren nan wanda hannunsa ya iya aiki shi ke da abin nunawa. In takarda ta yi yawa a kasuwa, iyawa ce ke da tsada.

Wasu kuma su kan hana 'ya'yansu mata, wai ina mace ina fiɗar ɓera. Wannan ya ba mu mamaki. Matar da ke gyara kaza da kifi kullum a gida, ita ce za ta kasa kwaɗo? Hannun da ya iya tsince tsakuwa daga shinkafa ya fi kowane dacewa da wannan aiki. Matanmu kuwa sun fi sakin jiki da 'yar'uwarsu mace in ana maganar lafiya.

ABIN DA YA KAMATA

Ga yara muna cewa, ku yi rajistar darasin nan da wuri, kada ku bari sai an kusa rufewa. In a shagon intanet aka cika muku fom, ku duba da idonku ku tabbata darasin aikin hannu ya shiga tare da na lacca, gama lambarsu dabam ce, kuma wanda bai yi rajista ba ko ya halarta kullum ba a rubuta masa maki. Ku kai wa malamin da ke kula da ajinku ya sa hannu, ku ajiye kwafi. Jami'o'i da yawa ba sa barin ɗalibi ya zauna jarrabawa sai ya halarci kashi 75 cikin ɗari, saboda haka kada ku yi wasa da zuwa. Ku riga kowa isa ɗakin. Ku girmama ma'aikatan da ke kula da kayan, su ne suka san lungun kowane madubi. Kuma ku zana abin da idonku ya gani ko da bai yi kyau kamar na littafi ba, gama wanda ya saba rubuta abin da bai gani ba tun yana yaro, ran da aka ba shi gwajin abincin jama'a ma haka zai yi.

Ga iyaye muna cewa, in kuɗi ya gaza, farar riga da akwatin almakashi ana samun na hannu wurin waɗanda suka wuce ajin. Tun 2024 kuma gwamnati ta buɗe asusun ba ɗalibai rance ba ruwa, wanda ake kira NELFUND. Yaro ya nema, amma a sani bashi ne, ba kyauta ba. In ya zo hutu kada ku tsaya kan tambayar ko ya ci jarrabawa. Ku tambaye shi sau nawa ya shiga ɗakin gwaji a zangon nan, su nawa ne kan madubi guda, me ya gani da idonsa. Ba sai kun iya boko za ku gane amsar ba.

Ga mahukunta kuwa bukatunmu ba su da yawa. Na ɗaya, kowace jami'ar gwamnati ta liƙa a fili nawa ta karɓa da sunan ɗakin gwaji, da abin da ta saya da shi. Na biyu, kada a ɗauki ɗalibai fiye da abin da teburan ɗakin za su ɗauka, in kuwa an ɗauka to a raba su rukuni-rukuni, a ƙara ma'aikata. Na uku, a ware wani kaso na kuɗin harajin ilmi don kayan da ke ƙarewa da gyaran waɗanda suka lalace, a sa wa ɗakunan nan wutar hasken rana da tankin ruwa nasu. Na huɗu, Hukumar Jami'o'i ta Ƙasa in za ta duba sashe ta zo ba sanarwa, ranar da ake aiki, ta tambayi ɗalibai da bakinsu, don kada a yi mata aron kaya a jera a kwashe bayan ta tafi.

Ƙungiyoyin 'yan kasuwa ma suna da abin yi. Kun gina masallatai, kun haƙa rijiyoyi, kun sayi motocin ɗaukar marasa lafiya da karo-karo. Madubin ɗalibi guda bai kai kuɗin babur ba. In 'yan hatsi na kasuwa guda suka sayi goma suka kai wa sakandaren garinsu, suka kuma riƙa zuwa suna duba ko ana amfani da su, sun yi abin da 'ya'yansu za su ci moriyarsa shekaru. Wannan ba zai sauke wa gwamnati nauyinta ba, sai dai ya ba ku bakin magana, gama wanda ya sa kuɗinsa ba a ce masa ina ruwanka.

Jami'ar Ahmadu Bello tun 1962 take, ta Kano da ta Sakkwato da ta Maiduguri duk sun haura shekara arba'in. Da harajin iyayenmu da kuɗin gyaɗarsu da audugarsu aka aza harsashin ilmin nan a Arewa. Ba alfarma muke roƙo ba in mun ce a ba jikokinsu madubi su duba. Mun biya cikakken kuɗi, a auna mana cikakken mudu.